A bar mana 'ya'yanmu a ƙirji, ko da aiki aka yi mana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamar firamare ce a nan Jos, haihuwata biyu, kuma duka biyun aiki aka yi mini. Tun da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a Abuja cikin Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata masu ƙaramin ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, duk hirar da nake ji ta kuɗi ce: wane asibiti ne ke ciki, wace mace ce ta cancanta, ina za a kai takarda. Ban raina wannan hira ba, domin na san abin da maigidana ya ɗaga ya sayar kafin a shiga da ni a karon farko. Amma akwai wani abu da ba ya cin ko sisin kwabo, kuma ban ji ana ambatonsa ba, wato inda ake kai jariri a sa'ar farko bayan an ciro shi.

Bari in fara da ɗan farina. Cikin Disambar 2019 ne, tsakiyar hunturu, kuma wanda ya san Jos ya san abin da nake nufi. Garin nan yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, sanyin asubarsa har cikin ƙashi yake shiga. Na kwana na wuni ina naƙuda a wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, har likita ya ce bugun zuciyar yaron yana raguwa, a sa hannu a shiga da ni. Aka yi mini allurar nan ta gadon baya mai kashe rabin jiki, aka shimfiɗa hannuwana dama da hagu aka ɗaure, aka kafa koren ƙyalle a kan ƙirjina don kada in ga abin da ake yi. Idona biyu, hankalina ras. Ina jin ana jan cikina kamar ana wanki a ciki, ba zafi. Ƙarfe huɗu da minti ashirin na asuba na ji kuka. Wata nas ta ɗago shi ta saman ƙyallen, ta juyo mini da ƙasansa, ta ce, "Madam, me kika haifa?" Na ce namiji. Ta ce, "To, kin gani da idonki." Sai ta juya ta fita da shi.

Fuskarsa ban gani ba. Abin da aka nuna mini shaida ce kawai, don kada gobe in ce an musanya mini ɗa.

Sai bayan azahar aka miƙo mini shi, kusan awa tara ke nan. A tsakanin nan ga abin da ya faru, kamar yadda ƙanwata ta ba ni labari daga baya. An miƙa shi ga dangi a baranda, naɗe da zanin da na zo da shi. Hajiya, wato uwar mijina, da gwaggona suka ga jikinsa da farin maiƙon nan da jini-jini, suka ce ai ba za a bar yaro da ƙarni ba, in ba a wanke shi yanzu ba zai tashi da warin jiki har girmansa. Aka juye ruwan filas a roba, aka sirka, aka sulluɓe shi da soso da sabulu a lungun ɗaki, taga a buɗe. Aka ɗiga masa zamzam, ya ci gaba da kuka, sai wata maƙwabciyar gado ta ce yunwa ce, uwar ba ta da nono tukuna, aka aika aka sayo madarar gwangwani. Ya zaga hannu ya kai goma, kowa na cewa ga hancin wane, ga goshin wance. Da wata nas ta zo aunawa da yamma sai ta ga zafin jikinsa ya sauka ƙasa da 36, alhali na jariri lafiyayye tsakanin 36.5 da 37.5 yake. Aka ɗauke shi zuwa ɗakin jarirai, ya kwana biyu a can. Ni ina wannan gini da ɗinki a ciki, shi yana wancan.

Babu wanda ya yi wannan da mugun nufi. Hajiya har hawaye ta yi. Abin da iyayenta suka yi mata shi ta yi wa jikanta.

Da aka dawo da shi ya ƙi kama nono. Ya saba da robar fida, in na sa masa sai ya kau da kai ya sandare yana tsala ihu. Nonon ya cika ya yi tauri kamar dutse, kan ya tsattsage, ga ciwon ɗinki, ga mata na shigowa barka suna cewa, "Ayya, ashe ba ki iya haihuwa da kanki ba." Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai maigida, shi ma bayan shekara biyu. Na yi makonni ina kallon yaron nan kamar ɗan maƙwabta da aka ba ni ajiya. Ina yi masa komai, amma zuciyata shiru. Abin da ya rufa mini asiri shi ne kunyar ɗan fari. Duk wanda ya ga ba na rawar jiki a kansa sai ya ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya, an yi mata tarbiyya." Ana yabona, ni kuwa da dare in juya bango in yi ta kuka ina tambayar kaina wace irin uwa ce ni. Ba zan ce rabuwar awa taran nan ce kaɗai ta jawo ba, ni ba likita ba ce. Amma na san abin da na ji a karo na biyu, shi ya sa nake da bakin magana.

Ciki na biyu, a wani asibitin nake zuwa awo. Akwai wata dattijuwar ungozoma da ke yi mana bayani kafin a fara kiran kati, 'yar nan Filato ce, Hausarta irin ta Jos, mu dai Mama muke ce mata. Ranar nan ta ɗauko 'yar tsana ta cusa a cikin rigarta, ta ce da zarar an haifi yaro, in yana numfashi lafiya, a goge shi da busasshen tawul, a jefar da jiƙaƙƙen, a kifa shi tsirara a ƙirjin uwarsa, a sa masa hula, a lulluɓe su tare, a ƙyale su awa guda. Su ma'aikata "fata da fata" suke cewa. Na ɗaga hannu na ce, "Mama, mu da za a yi wa aiki fa?" Ta ce, "Cikinki za a yanka ko ƙirjinki?" Aka kwashe da dariya. Ta ce in faɗa wa likita tun yanzu, kuma in sake faɗa ranar aikin, in kuma sa hula da safa a saman jaka inda hannu zai kai.

Da na faɗa wa likitan sai ya ɗan yi murmushi ya ce, "Za mu gani, Hajiya." Kowa ya san ma'anar za mu gani a ƙasar nan. Amma Allah ya sa ranar, cikin Janairun 2024, Mama ce ke aiki. Ita ta yi magana da mai allurar kashe jiki, ya matsar da wayoyin da ake manna wa mutum a ƙirji zuwa kafaɗuna, ya bar hannuna na dama ba a ɗaure ba, ƙarin ruwan da abin awon jini duk aka haɗa su a hagu. Aka zare mini hannun riga ɗaya.

Da aka ciro ta, na ji kukan, na ji ana cewa mace ce. Minti kaɗan, sai ga Mama ta zagayo ta bayan koren ƙyallen nan da abu a tawul. Ta buɗe, ta kwantar mini da ita a gicciye, a saman nonona, ƙasan haɓata, ta juya fuskarta ta kalle ni, ta ja bargo ta rufe mu. Malam Edita, ɗakin tiyata sanyi gare shi kamar cikin firji, ni kaina karkarwa nake yi haƙorana na haɗuwa. Sai na ji wani ɗumi mai nauyi ya sauka a kaina, damshi-damshi, santsi-santsi. Tana ta ihu har lokacin. Na ce, "Sannu, sannu, ga ni." Wallahi kamar an kashe rediyo. Ta yi shiru, ta yamutsa fuska, ta buɗe ido ɗaya, ɗayan maiƙo ya manne shi. Ƙafarta ɗaya tana tokarin wuyana. Kanta yana wani irin ƙamshi da ban san da me zan kwatanta shi ba, har yau in na tuna sai in ji shi a hancina. A can ƙasan ƙyalle ana ta ɗinki, ina jin ƙarar almakashi da hirar likitoci kan ƙwallo, amma ni na bar wajen. A haihuwar farko, wannan rabin awar ta ɗinki ita ce mafi tsawo a rayuwata, ina kallon silin ina ƙirga tabon ruwa. A ta biyu ban san lokacin da aka gama ba.

Kada in yi ƙarya, ba a cika mini awa gudan a jere ba. Wajen minti ashirin zuciyata ta fara tashi, Mama ta ɗauke ta na yi amai, sannan da za a mayar da ni kan gadon turawa aka sake riƙe ta. Amma a ɗakin farfaɗowa aka dawo mini da ita, kuma a nan na ga abin mamaki. Ba wanda ya tura mata nono a baki. Ta yi ta lasar hannunta, tana goga fuska, tana ɗaga kai kamar ƙadangare tana saukewa, tana matsawa kaɗan-kaɗan, har ta lalubo da kanta ta kama. Mama tana tsaye hannunta a bayan yarinyar, ba ta matsa ko nan da ƙofa ba. Sai daga baya aka auna nauyinta aka yi mata allurarta.

Da dare jiri da barcin magani suka rinjaye ni, ga sanyi ya sauko. Mama ta tafi gida, amma ta bar wa nas ɗin dare saƙo. Nas ɗin ta ja labule, ta dubi maigida ta ce, "Oga, buɗe rigarka." Bawan Allah ya zaro ido kamar an ce ya yi rawa a kasuwa. Ya waiga ko Hajiya na kallo, ya ɓalle maɓallan jallabiyarsa, aka kifa masa 'yarsa a ƙirji aka rufa masa bargo, ya zauna a kujerar roba ƙiƙam kamar wanda aka ɗora wa tiren ƙwai. A haka ya sake yi mata kiran salla a kunne, a hankali. Hajiya ta leƙo ta ce, "Ikon Allah, yau ga namiji da jego." Amma ba ta hana ba. Ita ce ma washegari ta kori masu son a yi wanka, ta ce likita ya ce sai an kwana.

Bayan na warke na yi ta tambaya da karance-karance, irin na malamar makaranta mai son ta san dalili. Ashe abin da Mama ta yi mini ba alfarma ba ce, ƙa'ida ce da aka daɗe da rubutawa. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shirin asibitocin da ke tallafa wa shayarwa, mai matakai goma, aka sabunta shi a 2018. Mataki na huɗu shi ne a haɗa uwa da jariri jiki da jiki nan take, kada a katse su har awa guda ko fiye, a taimaka mata ta fara ba da nono. Kuma sun ambaci irinmu: in allurar rabin jiki aka yi, ana iya farawa tun a ɗakin tiyata, in kuwa barci aka sa mace gaba ɗaya, sai a fara da zarar ta farka ta iya riƙe ɗanta. Wanka kuma hukumar ta ce a jinkirta shi har awa 24. Farin maiƙon nan da muke ƙyama yana kare fatar yaro, yana kuma taimaka masa riƙe ɗumi.

Dalilan ba masu wuyar ganewa ba ne. Jariri ya fito daga wuri mai ɗumi, jikinsa a jiƙe, kansa babba, ba ya iya karkarwa irin tamu don ya ɗumama kansa. In sanyi ya kama shi sai ya ƙona ɗan sikarin da ke jikinsa, sikarin ya faɗi, ya yi laushi ya kasa tsotso, numfashinsa ya rikice. Ɗan tiyata ya fi shiga wannan haɗari, domin a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri aka haife shi. Ƙirjin uwa kuwa murhu ne da ba ya buƙatar wutar lantarki ko janareto, kuma a nan yake jin bugun zuciya da muryar da ya saba da su wata tara. Ita ma uwar, taɓawar da tsotson suna sa jikinta ya saki sinadarin da ke matse mahaifa ya kuma tunkuɗo nono. Mu da aka yi wa aiki an san nononmu kan yi jinkirin zuwa, to mu ne ma muka fi buƙatar a sa mana yaro da wuri. Dakashin nan mai kauri, ruwan ɗorawa, da wasu ke matsewa su zubar wai datti ne, shi ne rigakafinsa na farko, kuma cikinsa a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi guda a sha ɗaya ba. Da na san haka a 2019, da gwangwanin madarar nan bai shigo ɗakin ba.

Wani abin da ya ƙara ba ni haushi da kanmu shi ne labarin bakwaini. A 1978, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota ta ƙasar Kolombiya, kwalaben saka jarirai sun yi kaɗan, sai wani likita mai suna Edgar Rey ya fara ɗaura wa iyaye mata 'ya'yansu a ƙirji dare da rana. Aka sa wa abin sunan kangaru, dabbar nan ta Ostareliya mai ɗaukar ɗanta a aljihun ciki. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, namu a asibitin koyarwa na Ile-Ife, kan jarirai sama da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8. Waɗanda aka ɗora wa iyayensu nan take, mutuwa a cikinsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu in aka gwada da waɗanda aka jira sai sun murmure a kwalba. Na san wannan bincike kan ƙananan jarirai ne, ba kan 'yan tiyata ba. Amma in ɗan da bai kai kilo biyu ba ya fi tsira a jikin uwarsa, me zai sa a ɗauke mai kilo uku, lafiyayye, a kai shi baranda? Mu da muka gaji goyo kaka da kakanni, mu ne za a koya wa cewa jikin uwa magani ne? Goyon ne dai, aka dawo da shi gaba.

Na san abin da ma'aikatan asibiti za su ce, domin ƙawata nas ce, kuma mun sha yin musu. Ta ce, "Ke kina magana ne kawai. Mu biyu ne a kan gado talatin da dare. Wa zai tsaya a kanki awa guda?" Gaskiyarta. Macen da aka yi wa aiki tana cikin magani, hannunta ba ƙarfi, barci na iya sace ta, yaro na iya zamewa ko hancinsa ya toshe a jikin nono. Dole a sami mai ido a kansu, mai lura da cewa fuskar yaron a buɗe take, launinsa bai canja ba. Kuma akwai ranar da ba zai yiwu ba sam: uwa na zubar da jini, ko jijjiga ta kama ta, ko yaro ya fito bai yi kuka ba. A irin wannan rana ceton rai ne gaba, ba mai jayayya. Amma na ce mata, ranar da aka haifi ɗan farina babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ni lafiya, shi lafiya. Nas ɗin da ta fita da shi ta miƙa wa dangi, da ta zagayo ta ɗora mini shi, tafiyar ma ta fi gajarta. Kuma in ma'aikata sun yi kaɗan, ga masu jinya cike da baranda suna zaman jiran tsammani. A zaɓi mutum ɗaya, uwa ko ƙanwa ko miji, a wanke masa hannu, a nuna masa abin da zai duba cikin minti biyu, a zaunar da shi kusa da mai jego a ɗakin farfaɗowa. Ƙawata ta yi shiru, sannan ta ce, "Sai dai in manya sun rubuta, don ni ba zan ja wa kaina faɗan likita ba."

To, shi ya sa na rubuto. Ina kira ga ma'aikatar lafiya ta Jihar Filato da shugabannin asibitocinmu, na gwamnati da na mishan da na kuɗi, su rubuta shi ya zama tsarin aiki, a manna a bangon ɗakin tiyata. A ƙara layi ɗaya a takardar da ake cikewa bayan aiki: ƙarfe nawa aka ɗora yaro a ƙirjin uwarsa, in ba a ɗora ba, mene ne dalili. Abin da aka san za a tambaya shi ake yi. Bai kamata samun wannan ya dogara da ko Mama ce ke aiki ranar ba, domin Mama ta kusa ritaya.

Mu kuma dangi, musamman iyayenmu mata, don Allah a yi haƙuri da awa gudan nan. Na san ɗokin jika, na san an kwana a kan benci ana addu'a. Amma yaron ba inda za shi, ga kwana bakwai kafin suna, ga arba'in na wankan jego, kowa zai ɗauka har ya gaji. Kiran salla a kunne ba ya buƙatar a raba shi da uwarsa, uban na iya sunkuyawa ya yi a inda yake. Hoton da ake rige-rigen ɗauka a tura wa 'yan uwa a WhatsApp ma ya jira. Sannan a daina ce wa wadda aka yi wa aiki raguwa. Wanda bai taɓa yunƙurin tashi zaune da ɗinki a mara ba, ga tari ya taso masa, bai san jarumta ba.

Akwai yarinyar maƙwabtanmu, cikin fari, yaron ya zo a zaune, an ba ta ranar Talata mai zuwa. Jiya ta shigo tana kuka wai tsoro take ji. Na zaunar da ita na ba ta labarin nan duka, har wanda ban taɓa faɗa ba. Na rubuta mata a 'yar takarda, da Hausa da Turanci, cewa tana roƙon a ɗora mata ɗanta a ƙirji in duk suna lafiya, muka maƙala a katin awonta. Uwarta ta ce ita za ta tsare ƙofa kada kowa ya kawo ruwan wanka. Hular da aka sa wa 'yata Hanifa ranar nan, wata 'yar shuɗiya da na saya a kasuwar Taminus, na ciro ta daga ƙasan akwati na wanke, tana kan igiya yanzu haka, gobe zan kai mata.

Na gode da ba ni fili.

Maman Hanifa,
Anguwar Rogo, Jos.